Amshin Gauraka

Ranar wata Asabar ce, a tsakiyar bazarar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ina zaune a kan tabarma kusa da kakata Iya, a sabon dandalin da aka gina bayan makarantar firamaren garinmu, can kan hanyar Dutsi. An idar da sallar la'asar, rana ta fara sanyi, inuwar tsamiya ta miƙe har ta rufe gefen mata. Gari duka ya fito kallon wasan Manomi da Gauraka. A kan dakali ga wani yaro siriri tsaye shi kaɗai, da fartanya a kafaɗa da gemun auduga da aka liƙa masa da ƙaro. Yaron nan shi ya zama mijina daga baya, shi ne kuma Allah ya karɓi abinsa bara da damina. Ba zan faɗi sunansa ba, don ban taɓa faɗa ba yana raye. Jikata da ke rubuta mini wannan ta yi ta lallashina, na ce ta rubuta Ɗan Marina, yadda yara ke kiransa a lokacin.

Ni ban yi boko ba. Makarantata ita ce tsakar gidanmu da bakin rijiya. Da safe in share gida, in ba kaji tsaba, in ɗauki tulu mu bi layi da 'yan uwana mata, mu dawo mu tarar da surfe yana jiranmu a turmi. Da bazara aikin gona bai kankama ba, sai sassabe da kai taki a mangala, saboda haka muna samun sararin 'yar carafke a gindin rumbu, da yamma kuma mu yi gaɗa har tafin hannunmu ya yi ja. A gaɗa an san ni da abu ɗaya: ban iya ba da waƙa ba, muryata ba ta da zaƙi, amma ba a taɓa jefa baiti ya faɗi ƙasa ina wurin ba. Iya takan ce, "Larai ba ta iya kunna wuta ba, amma ta iya hura ta."

Wasan Manomi da Gauraka tsohon wasa ne, tun Iya tana yarinya ake yinsa bayan an kai amfanin gona gida. Labarin wani manomi ne da gauraka suka tone masa shuka, ya kai ƙararsu, aka yi ta shari'a, kuma duk cikin waƙa ake yi tun daga farko har ƙarshe. Da masu yinsa suka tsufa sai ya kwanta, ya rage a bakin mata wajen daka. Sabon hedimasta ne ya ji shi a bakin wata tsohuwa, ya ce sai ɗalibansa sun tashe shi. 'Yan makaranta suka yi ta jidar jar ƙasa a kwanduna har suka tada dakali mai tsayi, aka kewaye bayansa da zana. Daɓen kuwa matan gari ne suka yi shi. Na tuna Iya durƙushe da madaɓi a hannu, ana yayyafa ruwan makuba, suna bugu suna waƙa, har wurin ya yi santsi yana ƙyalli.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da gidan su Ɗan Marina, don haka babu abin da ba na ji in ina surfe. Mahaifinsa marini ne, mutum mai kaifin magana, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu. Tun farko bai so karatun bokon ba, yana ganin an raba shi da mai taya shi aiki a bakin karofi, wato ramukan rini. Da ya ji an ba ɗansa waƙar manomi, sai ya ce gidansu ba gidan maroƙa ba ne. Hedimasta ya zo da kansa ya zauna a zaure ya yi ta ba shi baki. A ƙarshe ya yarda, amma da sharaɗi, kuma da kunnena na ji shi: "In ka tsaya gaban jama'a ka kunyata ni, ka gama boko. Washegari marina za ka kwana." Ni kuwa na san yadda yaron nan ke son makaranta, don ko kiwo ya fita yana rubutu da tsinke a ƙasa.

Kafin a fara, hedimasta ya hau dakali ya yi mana jawabi. Ya ce wannan wasan zamani ne, irin wanda ya gani a birni: masu wasa su yi wasa, masu kallo su yi kallo. Ba amshi, ba tafi, ba guɗa sai an gama, wanda ya yi surutu kuma za a fitar da shi. Amshi aikin gauraka ne, wato yaran da ya ɓoye bayan zana, kowanne da tukkun harawa ɗaure a ka. Mata suka dubi juna. Iya ta gyara lulluɓinta ta ce ƙasa-ƙasa, to, yau za mu ga waƙar kurame.

Mai kalangu ya taɓa, Ɗan Marina ya sari daɓe da fartanya, ya ɗaga murya: "Na binne gerona a bayan gari." Ya saurara. Shiru. Abin da ba mu sani ba, awakin gari da yunwar bazara ta ishe su sun shinshino harawa, sun kutsa ta ƙasan zana sun far wa kawunan gauraka, yara suna can suna kokawar ƙwatar tukkunsu. Mu dai muna ganin zana tana rawa. Ɗan Marina ya sake jefa baitin. Shiru. Waƙar nan kuwa ba a iya wuce baiti sai an amsa, don amshin ne ke buɗe na gaba. Ga mata cike da tabarmi, kowace ta san amshin tun tana goye, amma an ce a yi shiru. Na waiga na hango mahaifinsa tsaye jikin tsamiya, ya harɗe shuɗɗan hannuwansa, fuskarsa a murtuke. Gefe ɗaya na gemun audugar ya saki saboda gumi, wasu samari suka fara ƙunshe dariya.

Iya ta zungure ni da gwiwar hannu. Na ce mata ai za a kore mu. Ta ce, "Mu muka daɓe wurin nan da hannunmu. A zo a kore mu mu gani." Da yaron ya jefa baitin karo na gaba, da ƙyar ma ake jinsa, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba: "Gauraka na kallo, manomi." Muryata ta fita ita kaɗai, siririya, har na ji kamar in nutse cikin tabarma. Hedimasta ya juyo ya ɗaga hannu. Amma yaron ya riga ya cafe, ya jefa baiti na biyu yana kallon gefenmu, Iya ta shigo da tsohuwar muryarta, sai gefen mata duka ya ɗauka da tafi. Mai kalangu ya ga hanya ta buɗe ya saki hannu. Hedimasta ya tsaya da hannu a sama, ya duba gabas ya duba yamma, can sai ya sauke shi ya shiga tafi tare da mu. Da gauraka suka fito daga baya, rabinsu ba tukku, wata akuya na bin na ƙarshensu, dariyar da aka yi har da masu riƙe ciki.

Haka aka kai wasan har ƙarshe, dakali na bayarwa, tabarmi na amsawa. Aka yi shari'a, alƙali ya yanke wa gauraka hukuncin tsare gonar daga fara, manomi ya yi rawa da rabin gemu. Muna naɗe tabarmi ana kiran magariba, marinin ya ratso jama'a ya tsaya gaban ɗansa. Ya sa shuɗin yatsansa ya ɓamɓare sauran audugar daga haɓar yaron, ya ce, "Je ka wanke fuskarka. Jibi Litinin, kada ka makara." Bayan kwana kaɗan aka aiko wa Iya da sabon kallabi rinanne, aka ce na yarinyar da ta yi ƙarfin hali ne.

Ɗan Marina ya gama karatunsa, ya koyar a makarantu har Baure, muka yi aure muka tara 'ya'ya da jikoki. Tsawon zamanmu, in ya dawo gida ya jingine kekensa a zaure, ba sai ya kira sunana ba. Baitin nan zai jefo, ni kuma in amsa daga madafa, yara suna mana dariya.

Kwanakin baya jikokina suka kai ni wani sabon filin wasa a cikin Daura, don in rage zaman ɗaki. Wuri ne mai kyau, da kujerun roba da fitilu da lasifika, yaran ma sun yi ƙoƙari. Sai dai waƙa da amshinta duka daga na'ura suke fitowa, masu kallo kowa ya ɗaga waya, babu wanda ake jira ya buɗe baki. Na yi dariya inda aka yi dariya, na kuma yi kukana cikin mayafi ba wanda ya gani. Dakalinmu ruwan sama ya cinye shi tuntuni, tsamiyar ce kawai ta rage. Har yau in la'asar ta yi sanyi ina kasa kunne wajen zaure. Amshin yana nan a bakina, mai ba da waƙar ne babu.