Rumbun Malam Issufu

Ranar da har gobe ba ta fita raina ba ita ce ranar da na tsaya gindin rumbun Malam Issufu da bik, wato alƙalami, a hannuna. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, kuna yawo da waya kuna latse-latse, kun sha tambayar junanku me ya sa Laminu yake da tsanani a kan takardar fita. Wasu har suna ce mini tsoho mai ƙa'ida a bayan idona. Ina ji, ba kurma ba ne ni. To ku gyara zama ku ji dalili.

Lokacin ina animater, wato ma'aikacin da ke shiga ƙauyuka, na ƙarshe a jerin ma'aikatan furoje, shirin tallafin da muke wa aiki. Sama da ni akwai shef ɗinmu, wato shugabanmu, a biro, ofishinmu na Magarya, sama da shi kuma akwai manya a Damagaram da Yamai waɗanda takardunsu kawai muke gani. Yankina wasu ƙauyuka ne cikin komin, wato ƙaramar hukumar, Dogo-Dogo, can ɓangaren Dungas, inda rairayi ke kayar da mutum daga moto, wato babur, sau biyu kafin ya isa.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Gidajen da aka tantance marasa ƙarfi ne ana ba su hatsi duk wata, daga bazara har sabon gero ya shigo. Sai aka ce tallafi ba zai zama gado ba. A koya wa maigida sana'a, a ba shi kayan aiki, a bi shi shekara guda. In ya tsaya da ƙafarsa sai a cika masa takardar fita, a cire sunansa, a sa wani gidan a gurbinsa. Maganar gaskiya tsarin ba shi da aibu, har yanzu na yarda da shi. Duk magidancin da ka gani a layin rabo kansa a sunkuye yake, ba wanda yake so.

Takardar fita tambaya uku ce. Yana yin sana'ar? Yana da dabba ko da akuya ce? Akwai abinci a rumbunsa da zai kai shi kaka? A ƙasa an rubuta cewa animater ya gani da idonsa, rumbun ma a ɗaga jinka a leƙa.

Malam Issufu dattijo ne dogo, marar yawan magana, ya girme ni da kusan shekara goma. Gonarsa jigawa ce da ta gaji. Matarsa ɗaya, Tsahara, da 'ya'ya biyar, ƙaramarsu Balki ba a daɗe da yaye ta ba. Facin taya muka koya masa, na moto da na amalanke, muka ba shi famfon iska da sauran tarkace. Kuma ya riƙe abin da hannu biyu. Duk ranar kasuwa tun hantsi yana gindin gawo da kayansa a shimfiɗe. Sai dai mu da wayonmu na biro mutum huɗu muka koya wa faci daga ƙauyukan da ke cin kasuwa ɗaya, kasuwar kuma sau ɗaya take ci a mako. Taya nawa za ta fashe? Wani yinin haka za su zauna suna kallon juna kamar masu zaman makoki.

Da bazara ta kama, shef ya tara mu. Mutumin kirki ne, ba na ɗora masa laifina, amma shi ma ana taka shi daga sama. Ya ce manya suna son ganin gidajen da suka fita, don da su ake auna ko furoje ta yi amfani, da su kuma za a duba wanda za a sabunta wa aiki. Kowa ya kawo nasa, ni ne a baya. Ya dube ni a gaban mutane yana dariya ya ce ko dai na mai da mutanen Dogo-Dogo 'ya'yana ne, ba na son in yaye su. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma abin ya tsaya mini a rai. Ina da iyali, kuma ba ni da wata gona sai wannan moton.

Ranar Talata na isa ƙauyensu Malam Issufu da hantsi. Kun san yadda ƙauye yake, ma'aikaci ba ya tafiya shi kaɗai. Kafin in kashe moto wakilin maigari ya iso, maƙwabta sun taso, har da surukin Malam Issufu da ya zo daga wani gari. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura. Na tambaye shi sana'a, ya ce alhamdu lillahi, ya fito da famfon a goge tsaf. Na ga tunkiya ɗaure a turke. Tambaya biyu sun tafi, saura rumbu.

Muka ɗunguma bayan gari inda rumbunan suke jere. Nasa ya fi na kowa kyan gani. Zanar a ɗaure tamau, jinka sabuwa fil, an kewaye gindin da ƙaya don awaki. Wakilin maigari har ya yaba, ya ce Issufu ba ya wasa da rumbu. Na ce, "Malam Issufu, da sauran abinci dai ko?"

Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Rufin asirin Allah yana nan, Malam Laminu."

A nan ne ya kamata in ce a kawo tsani. Amma ni ɗan ƙasar nan ne, ubana manomi ne. A wurinmu ba a leƙa rumbun magidanci. Matarsa ma da suke kwana ɗaki ɗaya ba ta leƙawa, abin da ya ciro ya miƙa mata shi ne nata. Balle baƙo, balle a gaban surukinsa. Na ɗora hannu a jikin zanar, na ce ma sha Allah, na sa alama a takarda inda aka rubuta "akwai". Malam Issufu ya sa yatsa, wakili ya sa hannu, aka yi fatiha. Har bakin hanya ya raka ni yana riƙe mini jaka.

Shef ya ji daɗi. Sunan Malam Issufu ya shiga rapor, rahoton da ake aika wa manya, a matsayin abin misali, aka ba wani gida gurbinsa, aka sabunta mini aiki.

Ƙa'ida ta ce a koma duba wanda ya fita bayan wata uku. Ruwa ya ɓata hanya, ayyuka suka yi yawa, ban koma ba sai cikin watan takwas, lokacin da gero ya yi tsawo amma ba abin da za a ci a jikinsa. Na bi ta gefen gonarsa, ciyawa ta cinye ta, ko noman farko ba a gama ba. Na yi sallama a ƙofar gida, ba turke, ba tunkiya. Tsahara ce ta leƙo, ta ce in shigo, maigidan ba ya nan.

Tana zaune da Balki a cinya. Na sha ganin tamowa a aikin nan, amma ganin yarinyar da ka sani tana gudu a tsakar gida daban ne. Gashinta ya yi ja, ƙafafun sun kumbura, jikin zafi rau, ko kuka ba ta iya yi. A kan murhu ganyen tafasa ne kawai a tukunya, ba ko ƙwayar gari.

Tsahara ba ta ɗaga mini murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ba ni labari tiryan-tiryan. Tunkiyar ta ƙanwarsa ce, kiwo aka ba su, ta zo ta kwance abarta. Da watan rabo ya zo ba sunansu, ya sayar da famfon. Da wannan ya ƙare ya shiga ƙodago a gonakin mutane ya bar tasa. Da ƙodagon ya yi ƙaranci ya tsallaka iyaka, yau kwana ashirin. Na ce to hatsin rumbu fa? Ta ce tun kafin azumi ba ko zangarniya ɗaya a ciki, tsutsa ce ta cinye geron bara tun yana gona.

Na ce ashe ta sani. Ta ce, "Malam, ni ce mai sussuka. Ranar da ya daina ba ni dami ya koma ba ni tsaba a kwano, ai na gane. Ragowar hatsinku yake kaiwa can ya ajiye, kullum da safe ya hau ya ɗebo, kamar nasa. Ban taɓa nuna masa na sani ba."

Na ce ta goya yarinyar mu tafi. A bayan motona na kai su asibiti, ina tuƙi ina jin numfashin yarinyar a bayana. Aka karɓe su, aka ba su gado. Daga nan ko gida ban biya ba, na wuce biro.

Na gaya wa shef duk abin da ya faru, ban rage komai ba. Na ce kuskurena ne, ban leƙa ba, a mayar da sunan. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ya ce takardar sunaye ta riga ta wuce Yamai, an sayi hatsi daidai da ita, bakin alƙalami ya bushe. Ya ce gidan da aka ba gurbin na wata bazawara ce mai marayu, in ina so in je da kaina in ce mata ta dawo da buhu. Na yi masa tsawa, abin da ban taɓa yi ba, na ce takarda ce ta fi rai? Bai rama ba. Ya ce, "Laminu, takardar ta ce ka gani da idonka. Wa ya sa hannu?"

Na zauna na rubuta bayani da hannuna, aka ba ni takardar gargaɗi, aka yi alkawarin mayar da gidan a zagaye na gaba, wato baɗi. Abin da na iya yi daga aljihuna na yi, shef ma ya taimaka a ɓoye, amma ihu ne bayan hari. Balki ta kwana huɗu a asibiti ta cika. Rai na Allah ne, na sani, ba sai wani ya tuna mini ba. Sai dai malamar asibitin ta ce zazzaɓin ba wani mai tsanani ba ne, jikin ne bai da abin da zai tare shi da shi.

Aka aika wa Malam Issufu ya dawo. Ranar sadakar uku na je gaisuwa. Na yi shirin komai, zagi, kora, ko ya ƙi miƙo mini hannu. Na same shi a ƙofar gida cikin mutane, ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo. Muka yi addu'a. Da jama'a suka ragu ya taso ya ce in zo, muka koma gefe jikin danga.

Na ce, "Malam Issufu, don Allah me ya hana ka ja ni gefe ranar nan, ko da ido ne?"

Ya ce ai ya san na sani. Ya ce ya ga lokacin da na duba ƙasa, ba ƙaiƙayi, ba sawun kaza ko ɗaya a gindin rumbun, alhali na maƙwabta kaji sai tono suke. Ya ga lokacin da na dafa zanar ta lotsa. Ya ce ɗan manomi ba ya dafa rumbu ya kasa sanin abin da ke ciki. Sannan ya kama hannuna da hannayensa biyu.

"Ka rufa mini asiri a gaban surukina, ba ka sa an kawo tsani ba. Ban samu na yi maka godiya ba. Allah ya rufa naka, duniya da lahira."

Wallahi da ya ɗauke ni da mari da ya fi mini sauƙi. Domin gaskiya ya faɗa, na gani. Na ga ƙasar a share, na ji zanar ta tafi a ƙarƙashin tafina, zuciyata ta gaya mini, na danne ta. Wata huɗu ina gaya wa kaina kunya ce ta hana ni. Kunyar tana ciki, ban musa ba, amma ba ita kaɗai ba ce. Ina bukatar suna ɗaya da zan kai biro, shi kuma yana bukatar kada a tona shi, sai bukatun suka haɗu, aka bar yarinya ta biya. Na ce amin, don ba abin da ya rage in ce. Na hau moto, na yi nisa da garin, na tsaya a daji na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

An mayar da sunansu da shekara ta zagayo. Bai sake komawa faci ba, ni ma ban sake yi masa maganar sana'a ba.

Abin da na ɗauka daga nan ba shi da yawa. Mutanenmu ba sa ƙarya don su samu kamar yadda ake zarginsu a biro. Wanda na fi tsoro shi ne mai ɓoyewa don kada a gan shi, domin talakan da ya fi kowa shiga uku shi ne ya fi kowa gyara jinka. Ban ce ku kunyata kowa ba. Kada ku je da taro, kada ku tambayi magidanci a gaban surukinsa, ku koma ku kaɗai, ku aika mace cikinku ta zauna da matar gida ta ga ko ana sussuka. In kuma ba ku gani ba, ku rubuta ba ku gani ba, ko da shef zai yi muku dariya a taro.

Shi ya sa in kun kawo mini takardar fita nake mayar muku ita in ce wa ya leƙa. Ku ci gaba da jin haushina, na yafe. Ni an riga an yi mini godiya sau ɗaya a aikin nan, ba na fatan a yi wa ɗayanku irinta.