Geron da Baba Ya Shuka a Makka

Babana manomi ne, amma da ɗaukar ruwa ya ƙare rayuwarsa. Daga wani ƙauye na ƙasar Haɗeja muka taso ina goye. Muka yi shekaru a Sudan yana tsintar auduga don neman guzurin ƙetare teku, a can mahaifiyata ta rasu. Da muka iso Makka muka sauke farali, sai muka yi zamanmu kamar yadda mutanenmu da yawa suka yi. A unguwar Utaibiyya muke, cikin wani gida na katako da langa-langa a jikin dutse. Kullum Baba yakan sauka bazan, wato famfon unguwa, ya cika garwa biyu, ya rataya a sanda, ya hau da su gidajen mutane. Ni kuma ina toya waina a ƙofar gida. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwata yake kirana.

Ba ya zancen gida ko kaɗan. In wani ya ɗauko hirar damina, sai ya miƙe ya ce zai yi alwala. Abin yana ƙona mini rai, domin ni ba makauniya ba ce. Ina ganin yadda yake tsayawa gaban masu hatsi yana murza ƙwaya a tafinsa, alhali ba saye zai yi ba. Amma a wurinsa, duk wanda Allah ya zaunar kusa da Ɗakinsa, ya kuma buɗe baki ya ce yana kewar wata ƙasa, to ya yi butulci.

A wata shekara cikin shekarun sittin, aikin Hajji ya faɗo daidai da bazarar gida, ƙanensa ya zo. Baffa ya kawo mana tsarabar gero a ɗan buhu, ya ce in dama wa yayansa fura ta gaske. Bayan an sauko daga Arfa ya tasa Baba a gaba.

"Yaya, gonarka tana nan. Ni nake nome ta, amma taka ce. Ka zo mu koma."

"Mutane suna sayar da shanunsu don su zo nan su mutu," in ji Baba. "Ni in kwashe ƙafata in fita?"

Muka raka Baffa Jidda a motar kaya. Jirgin ruwansu bai shirya ba, zaman jira ya ishe mu, sai muka ratse daga cunkoson alhazai muka bi gaɓar Bahar Maliya. Ƙaguwa muka fara gani, ƙanana, suna gudun gefe suna shigewa rami. Baffa ya tattare riga ya bi ɗaya, ya kife a yashi, na yi dariya har da riƙe ciki. Muna cikin haka Baba ya damƙe hannuna.

Wasu tsuntsaye ne masu dogayen ƙafafu, baƙaƙe da farin ciki, sun sauka a wani fili mai laka suna kiwo.

"Uwata, shamuwa! Wallahi shamuwa ce!"

Ni ban san ta ba, a goye na bar ƙasarta. Shi ya gaya mini, maganar tana rige-rigen fitowa daga bakinsa, cewa a kan tsamiyar gidanmu take sheƙa, ba yaron da ya isa ya jefe ta, kuma in ta iso kowa sai ya ɗauki fartanya, don ruwa yana biye da ita. Ya cire takalmi ya rinƙa sanɗa har ya matso kusa da su, ya durƙusa.

"Sannunku da zuwa," ya ce musu. "Kun sha hanya."

Ɗaya ta ɗaga kai ta dube shi, ta ci gaba da caccakar laka. Sai ya fashe da dariya. Tunda nake ban taɓa jin irin wannan dariyar daga gare shi ba, ta yaro ce sak, hawaye na bin gemunsa. Ya juya gabas ya yi sujada a kan yashin. Ni ma farin ciki ya cika ni, na ce a raina yau dai an gama, Baba zai hau jirgi.

"To Yaya," in ji Baffa a hankali, "ga shi har aike an yi maka."

Baba ya dubi teku ya ce, "Ruwa na Allah ne, ba na Haɗeja kaɗai ba. Tunda ta sauka a nan, a nan ma za a yi shi."

Baffa shi kaɗai ya hau jirginsa.

Muna dawowa Makka, Baba ya ɗebi geron furata. Bayan gidanmu akwai ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Ya tsince duwatsun, ya haɗa sungumi na ƙarya da wani guntun ƙarfe, ya yi shuka a busasshiyar ƙasa, irin wadda manoma ke yi kafin ruwan farko don su riga kowa. Na ce masa ruwan Makka in ma zai zo, da sanyi yake zuwa, ya kwarara lokaci guda ya tafi da awakin mutane. Bai ko dube ni ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, mutumin da ke wuni da garwa a kafaɗa ya ƙi zuba wa shukar ko ludayi ɗaya. Gero ba albasa ba ne, in ji shi, ba a shayar da shi da hannu. Kowace safiya zai tsaya ya dubi gabas ya shaƙi iska, kana ya sauka bazan. Maƙwabciyarmu, wadda a Makka aka haife ta, Hausarta rabi Larabci, ta leƙo ta katanga.

"Ya ammi, ma fi matar! Babu ruwan sama a nan, halas, shi ke nan, ka huta."

Ya ce mata, "Ke ba ki san shamuwa ba."

Zafi ya yi ta ƙaruwa har langa-langar gidan ba ta taɓuwa. Wata safiya na iske shi a tsugune, ya tone rami ɗaya, ƙwayoyin suna tafinsa a ƙone kamar an soya su. Na so in ce ai na faɗa maka, sai ya kakkaɓe hannunsa ya ce in ɗauko mayafina mu je Harami.

Bayan mun yi ɗawafi muka zauna muna fuskantar Ka'aba. Bai dube ni ba ya ce, "Uwata, zunubi ne mutum ya zo gaban Ɗakin Allah ya roƙi a fitar da shi daga nan?"

Na ce, "Ba zunubi ba ne, Baba. Wanda ya halicci Makka shi ya halicci Haɗeja."

"To ki roƙa mini. Ni ina jin kunyarsa."

Na ɗaga hannu na roƙa da Hausa, da ƙarfi, har na kusa da mu suna waiwaye. Na ce Allah ka mayar da bawanka gida ya yi noma ko damina ɗaya ce. Yana cewa amin ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron a ji shi. Daga ranar ya saki jiki. Ya ce Hajji mai zuwa zai bi alhazan garinmu, ya sa na ɗinka masa jakar tafiya, ya riƙa ba ni labarin rijiyar gidanmu da wanda ya haƙa ta.

Tari ya kama shi da shigowar sanyi. Ya rasu a Sha'aban, kafin alhazan farko su iso.

Gidan ya cika da masu gaisuwa, kuma kowa magana ɗaya ce a bakinsa: ya yi sa'a, an sallace shi a Harami, an rufe shi a Makka, ina ma su ne. Wata tsohuwa har barka ta yi mini. Ban musa ba, na san gaskiya suke faɗa, kuma ban taɓa yi wa Allah gardama a kan hukuncinsa ba. Ina zuba musu gahawa ina amsa alhamdu lillahi, zuciyata tana tsagewa. A duk ɗakin nan ni kaɗai na san abin da ya roƙa.