Na Je Sauya Rufi, Ɗakin Inna Ya Kwanta

Jama'a, yau garin sauya wa Inna rufi na raba ta da ɗakinta gaba ɗaya!

Kun san yadda sanyin Gashua ke shigo mata ta hujojin tsohon kwanon nan, kullum tana fama da tari. Jiya na ɗauko sabon kwano daga Nguru. Da safe kafinta, Malam Bukar, ya hau sama yana ɓalle ƙusoshi. Inna na zaune a rana tana sa mana albarka.

Yana zare katakon ƙarshe sai muka ji ƙara. Ya diro da gudu! Bangon gabas ya karkata a hankali, rim, ya kwanta! Na kudu ya bi shi. Innalillahi!

Na ce, "Malam Bukar, me ka yi?"

Ya ɗebi ƙasar bangon ya murza, ya ce, "Alhaji, ambaliyar bara ta cinye gindin ginin nan. Rufin ne ke riƙe da shi."

Inna ba ta yi kuka ba. Ta dubi sabon kwanon yana ƙyalli a tsakar gida, ta ja mayafinta, ta ce, "Ɗan nan, da ka bar min hujojina."