Baba Bai Taɓa Shan Burkutu Ba

Shekara tara ke nan cif da muka binne mahaifina a bayan gidanmu na Agyaragu, kuma har yau in na shiga kasuwar garin sai na gamu da mai ce mini, "Allah ya jiƙan Dattijo, mutumin kirki, in ban da ɗan abin nan da ya shiga da tsufa." Ɗan abin nan da suke nufi shi ne burkutu. Na gaji da gyara wa mutane zancen ɗaya bayan ɗaya a tsaye cikin rana, shi ya sa bana na ce bari in rubuta a jarida, mai karantawa ya karanta. Baba bai taɓa shan burkutu ba, ciwo ne ya kama shi.

Manomin doya ne, kuma dattijo a cocinmu. Shekara da shekaru shi ke ɗaukar tiren jibin Ubangiji, abin sha mai tsarki da ake raba wa masu ibada, wani faffaɗan tire mai ƙananan kofuna a jere, ya bi benci benci da shi, ko ɗigo bai taɓa zubarwa ba. Muna yara mukan kwaikwayi tafiyarsa a bayan idonsa da murfin tukunya. A kan abin sha kuwa tsaurinsa har ya yi yawa. In hanyar kasuwa ta bi ta gidan da ake dafa burkutu, Baba sai ya zagaya ta bayan gari, komai zafin rana.

A gona abin ya fara. Ya zo tsallake kunyar doya sai ya ga ƙasa ta karkace, ya zauna daɓas. Ya ce jiri ne, zai wuce. Bai wuce ba. Tafiyarsa ta sauya, ya riƙa buɗe ƙafafu yana layi, yana dafa bango, harshensa ma ya ɗan yi nauyi. Na ɗauko shi zuwa Lafia, inda nake koyarwa a makarantar firamare. A asibitin farko aka ɗebi jini aka ce malariya da taifot, aka yi masa ƙarin ruwa. A na biyu aka ce hawan jini. Wani mai kemis ya ce ƙarancin jini ne, a dafa masa ganye. Wata tsohuwa a garin Obi ta rantse asiri ya taka a gona. Muka kusa shekara biyu muna wannan zagaye, kuma a cikinsu duka ba wanda ya ce masa, tashi ka taka in gani. Kowa takardar gwaji yake kallo, mutumin na zaune a gabansa.

Na roƙe shi ya bar wa wani tiren, ya ƙi. Wata Lahadi, a tsakiyar coci, ya yi tangaɗi, ya nemi abin dafawa bai samu ba, tiren ya kife a kan zannuwan mata. Kafin mako ya zagayo an sami wanda ya ce ya gan shi ranar kasuwa jingine da bangon gidan burkutu. Kuma gaskiya ne an gan shi. Ƙafafunsa sun daina iya doguwar hanyar bayan gari, ya bi ta kusa, jiri ya kama shi a daidai wurin, bangon nan ne mafi kusa da hannunsa.

Majalisar dattawa ta zauna ta sa shi a horo. Ga wanda bai san tsarinmu ba, wanda aka sa a horo ba ya cin jibi, kuma a bencin ƙarshe yake zama, kusa da ƙofa, har ranar da zai tsaya gaban jama'a ya furta laifinsa. In ya mutu yana ciki, ba a shigar da gawarsa coci. Baba ya san wannan fiye da kowa, don da shi aka zartar wa wasu.

Ga inda nawa laifin yake, kuma ban taɓa faɗa wa ko ƙannena ba. Wata ranar Asabar na je duba shi, na tarar da shi zaune a gindin mangwaro. Na sunkuya kamar zan gyara masa hula, alhali bakinsa nake son in sansana. Ban ji komai ba sai warin goro. Duk da haka na ce, "Baba, ka tsaya kawai ka ce ka tuba mana. Minti biyu ne, a gama wannan wahala." Ya ɗaga kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Ayuba, hulan yana daidai. Ka ji abin da ka zo nema?" Bai sake tayar da maganar ba har ya mutu, ni ma ban ba shi haƙuri ba. Kullum ina cewa sai na sami lokacin da ya dace.

Kowace Lahadi yana zuwa coci. Ya dogara sanda, ya zauna a bencin nan na ƙarshe tare da samarin da aka kama da satar akuya, tiren ya wuce shi a hannun wani.

Daga baya wata abokiyar aikina ta matsa mini mu je wani babban asibiti a Jos. Likitan da muka samu mace ce, ba ta ma buɗe tarin takardunmu ba. Ta ce Baba ya taka a kan layin siminti, ƙafa gaban ƙafa. Ta ce ya taɓa hancinsa da yatsa, sannan ya taɓa nata yatsan. Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Ta bayyana mana cewa wani sashe ne can ƙeya, mai riƙe wa mutum daidaiton jiki, yake ƙanƙancewa a hankali, ba shi da maganin warkewa, kuma wani lokaci yana bin jini, 'ya'ya su gada. Ni abin da ya tsaya mini a kunne shi ne ba magani. Baba kuwa tambaya ɗaya ya yi: "Likita, za ki iya rubuta cewa ba giya ba ne?" Ta rubuta, ta buga hatimi. A mota har muka iso Lafia takardar na kan cinyarsa, ya dafe ta da hannu biyu.

Na kai wa fasto. Ya karanta, ya jinjina kai, ya ce majalisa za ta zauna bayan an gama haƙar doya, yanzu dattawa duk suna gona. Ana cikin haƙar doyar, wata safiya Baba ya zame a banɗaki ya karya ƙugu. Bai ƙara tashi ba. Ranar da ya cika na koma wurin fasto da takardar. Ya ce, "Malam Ayuba, na yarda da kai. Amma majalisa ne ya sa shi, majalisa ne zai cire shi. Ni kaɗai ba zan iya ba." A tsakar gida aka yi masa addu'a. Mutumin da ya ɗora wa cocin nan kwanon rufi da hannunsa, akwatin gawarsa bai shiga ƙofar cocin ba.

Wata biyu bayan haka majalisa ta zauna ta cire shi daga horo. An karanta sanarwar tsakanin ta gyaran rijiya da ta taron zumuntar mata. Rabin jama'a ba su ma ji ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Asibitoci sun ƙaru a Lafia, injuna sun ƙaru, amma tsoho ya je da jiri, ina da tabbacin jininsa za a fara ɗiba a nemi taifot. Abin da ya ƙaru na gaske shi ne waya. Kwanan baya a hanyar Shabu na ga wata tsohuwa tana layi a bakin titi, 'yan acaɓa na dariya, ɗaya ya ɗaga waya yana ɗauka. Da a yau Baba ya kifar da tiren nan, da har Abuja an kalla. Na tsaya kamar zan yi magana, sai na wuce. Ban sauya ba ke nan.

Me ya rage na Baba? Gonar mun ba da haya. Sandar tana bayan ƙofa. Sunan da ya yi shekara saba'in yana tsarewa, abin da ya rage a bakin mutane shi ne "ɗan abin nan". Ina so in rubuta cewa gaskiya ta yi halinta, amma ban gani ba.

Bana na cika hamsin da bakwai. Makonni uku da suka wuce na sauka daga acaɓa a ƙofar makaranta, da sassafe, ƙasa ta karkace mini. Na kama katanga. Mai gadi ya yi dariya ya ce, "Oga, tun da safe haka?" Ni ma na yi dariya. Ban je asibiti ba tukuna. Da na koma gida na ciro takardar likitan nan daga cikin Littafi Mai Tsarki na Baba, na ninke ta na sa a aljihun rigata. Sunansa ne a kanta, amma tun ranar da ita nake fita.