Ɗiyar Fari a Gadon Ƙarshe

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, ina aikin karanta labarai a gidan rediyon Kaduna, kuma ni kaɗai ke da mota a danginmu na Damari. Da na je gida hutu da damina, sai na tarar da ɗiyar yayata tana naƙudar fari tun jiya. Ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Na ɗauko ta tare da Yaya, muka bi hanyar Sabuwa, taɓo har gindin ƙofar mota, zuwa wani sabon asibiti da fentinsa ke wari.

Da azahar ta haifi namiji, lafiya lau. Aka kwantar da ita a gadon ƙarshe. Nas ɗaya ce ke kula da ɗakin duka, kuma ana kiranta wajen wata haihuwar. Ta leƙo baranda inda muke.

"Ina uwarta? Ta zo ta zauna kusa da ita. In jini ya yi yawa a kira ni."

Yaya ta sunkuyar da kai. Mai jegon ɗiyarta ce ta fari, kuma a wurinmu uwa ba ta nuna kulawa da ɗan fari a gaban mutane. Ba ta kama sunansa, ba ta zama kusa da shi.

"Yarinyar gidanmu ce," in ji Yaya.

"To ko ma wace ce, a shiga."

Yaya ta shiga, amma ta shimfiɗa tabarma daga bakin ƙofa, ta juya baya ga gadon, jinjirin a cinyarta. Ɗakin cike yake da matan wasu gidaje, kowa na kallon kowa. Ni namiji ne, wurina baranda.

Yarinyar ma da tata tarbiyyar. An koya mata cewa mai haihuwar fari ba ta raki. Wata tsohuwa da ke jinyar jikarta a gadon kusa ta faɗa mana daga baya cewa ta ga tana gumi, ta tambaye ta, sai ta ce, "Sanyi kawai nike ji, Baba," ta ja bargo har wuya.

Bayan la'asar tsohuwar ta ga jini na ɗiga ƙarƙashin gado. Ta ƙwala kira. Nas ta zo a guje, ta yaye bargon, katifar ta jiƙe. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka nemi jini. Firijin ajiyar jinin yana cikin akwatinsa, ba a kawo wuta ba tukuna. Na miƙa hannuna, nawa bai dace ba. Yarinyar ta cika kafin a gama gwada na Yaya.

A wurin zaman makoki na shiga cikin gida gaida mata. Hajiya, gwaggonmu, tana ba baƙi labari.

"Ku ga ɗiyar mutunci! Har rai ya fita ko uffan ba ta ce ba. Uwar ma ko waiwaye ba ta yi ba, a gaban baƙi. Gida ke nan."

Mata suka yi ta sa albarka. Yaya na gefe tana ɗura wa jinjirin madarar gwangwani da cokali, madarar na zubewa a wuyansa.

Hajiya ta juyo gare ni. "Kai ɗan rediyo, kai ka gani da idonka. Ba haka aka yi ba?"

Na ce, "Haka aka yi, Hajiya."