Allurar da Na Yi a Fuska Don Gudun Sallama

Edita, ina roƙon fili a mujallarka in faɗi abin da na jawo wa kaina da hannuna. A tsakiyar shekarun 1980 ni ma'aikaci ne a wani kamfanin gurzar auduga a Funtuwa, ni ke kan sikeli idan an kawo kaya. Daga wani ƙauye kusa da Tsiga na fito, kuma makarantar mishan na yi har aji bakwai. Lokacin ban cika shekara hamsin ba, amma rana da noman damina da haƙoran gefe da na rasa sun sa kumatuna sun faɗa, goshina duk ya tattare. Abokan aiki har Baba Tsoho suke ce mini cikin raha, ina dariya, abin kuwa yana cina a rai.

Sai jita-jita ta ɓulla cewa za a rage ma'aikata, da tsofaffi za a fara, kuma wanda ba shi da takardar haihuwa kwamiti zai dubi fuskarsa ya ƙiyasta shekarunsa. Ni a ɗaki aka haife ni, ba ni da takarda, ga 'ya'ya huɗu a makaranta. Ana cikin haka wani direba ya ba ni labarin wani baƙo da ke sauka a bayan wani shagon magani kusa da tasha, wai ya yi aiki da likitoci a ƙasar waje, yana da allurar da ke cike kumatu ta miƙar da fata. Da na gaya wa matata, ta ce in rufa mata asiri in bar fuskata yadda Allah ya yi ta, ko an sallame ni ai gona tana nan. Na ce mata ba ta san halin da ake ciki a wurin aiki ba. Washegari da hantsi na tafi ba tare da saninta ba.

Mutumin bai tambaye ni ko ina da wani ciwo ba. Ya zuƙo wani ruwa mai kauri kamar mai daga kwalbar da ba ta da rubutu, ya tsira mini a kumatu biyu da tsakanin gira. Na ji zafi har hawaye, fuskar ta kumbura ta yi baƙi-baƙi na mako guda. Da kumburin ya saɓe, gaskiya na ga canji, kumatu sun ciko, abokai suna cewa ko na sami wani abinci ne a ɓoye. Ranar tantancewa na shiga ina taƙama. Manajan ko ɗago kai bai yi sosai ba, fayil ɗina ya buɗe, ya ce tunda ba a taɓa samun sikelina da ha'inci ba, in koma bakin aikina. Da na fito na gane ba wanda ya damu da fuskata sai ni.

Bayan wata biyar abin ya fara. Wasu ƙulli masu tauri kamar gurjiya suka fito ƙarƙashin fata, na kumatun hagu ya gangaro wajen muƙamuƙi, ya yi ja, yana zogi, tauna ta gagare ni. Na koma neman mutumin, aka ce ya daɗe da barin gari. Kunya ta sa na daina zuwa coci, na riƙa cewa ciwon haƙori ne. Yayata ce ta zo daga Malumfashi, ta zaunar da ni ta ce, “Ƙanena, ni na goye ka, wannan ba haƙori ba ne. Faɗa mini gaskiya.” Na faɗa mata komai a gaban matata. Ba wadda ta yi mini gori. Matata ta tashi ta haɗa mini kaya, muka kama hanyar asibiti a Zariya.

Likitan da ya duba ni ya ce abin da aka zuba mini jiki ba ya narkar da shi, sai an tsaga an kankare, kuma ba duka zai fita ba. Ya ƙara da cewa ko a ƙasashen da ƙwararru ke yin sahihiyar allurar cike fuska, sai an fara gwada ta a hannu an ga ko jiki zai karɓa, ana samun kumburi, kuma bayan 'yan watanni fatar tana komawa yadda take, don ba ta tsayar da tsufa. A nan na ƙudura cewa ɓuya ta ƙare. Sau biyu aka yi mini aiki, na jure. Da na warke na koma kan sikelina da tabo a fuska, duk wanda ya tambaya na gaya masa ainihin abin da ya faru. Wata ma'aikaciyarmu da ke shirin neman irin allurar kafin bikin 'yarta ta zo ta taɓa muƙamuƙina, daga nan ta fasa.

Har yau idan sanyi ya shigo gefen hagun yana yi mini tsami. Abin da na koya shi ne tsoro ya fi tsufa lalata mutum, kuma da na saurari matata da ban kwanta a gadon tiyata ba. 'Yan'uwa maza da mata, kada ku miƙa fuskarku ga wanda ba ku san inda ya koyi aikinsa ba, ko wanda ba zai iya gaya muku abin da ke cikin kwalbarsa ba. Idan kuma kun riga kun yi, kuka ji ƙulli ko zafi, ku tafi asibiti a ranar, ku faɗi gaskiya. Kunyar yini ɗaya ce, ni jinkirina ya bar mini ciwon da zan mutu da shi.