Aljihun Awarar Fusae

Fusae ba ta taɓa yin nisa da unguwarsu ba tun da aka kawo ta gidan Genzo mai gyaran keke. Ta yi ɗinkin jinga, ta raini 'ya ɗaya, ta yi jinyar mijin har Allah ya karɓi abinsa. Amma a layin, da inari aka san ta, wato soyayyar awara da ake buɗewa kamar aljihu a cusa mata shinkafa mai tsami. Duk shekara, sanyi na shirin tafiya, ita ke kai faranti ɗan wurin bautar da ke ƙarshen layi, inda yanyawar dutse biyu ke zaune da jan ƙyalle a wuya.

Bana hannunta ya soma rawa. 'Yarta Masumi ta faɗa ta waya, ba wasa a muryarta: in girki ya gagara, sai ta tattara ta dawo wurinta a birnin Yokohama, bene hawa na tara, inda ko ƙasa ba a takawa.

Ranar da Masumi za ta zo, wadda ta yi daidai da ranar kai farantin, Fusae ta kwara wa awarar tafasasshen ruwa don man ya fita, ta dafa ta da sukari da shoyu, wato ruwan ɗanɗano na waken soya. Tururi ya rufe tagar. Tana fifita shinkafa a akushi, sai ta ga kamar gonar babanta ce a cikin hazon, ruwa kwance, gajimare na tafiya a cikinsa. Har ta ji ƙararrawar keken Genzo a ƙofa. Ta ce, "Ka shigo mana, malam," sannan ta yi wa kanta dariya.

Ta mirgina tsinken cin abinci a kan yankin awara ɗaya don ya saki, ta sa babban yatsa a hankali. Ya yage. Ta dubi ƙofa, ta jefa shi a baki. Na gaba ma ya yage, ya bi ɗan'uwansa. Allah sarki, haka ta yi ta ɓoye su a ciki, har zaƙin ya soma hawa mata kai.

Masumi ta shigo ta tarar da 'yan ƙalilan a faranti, kyawawa, an barbaɗe su da riɗi.

"Mama, iyakarsu ke nan? Yanyawar azumi suke bana?"

"Sun tsufa, ba sa ci da yawa."

"To zo mu ci namu."

"Na ƙoshi."

"Kin ƙoshi da me? Ji bakinki, sai ƙyalli yake kamar an goge takalmi!"

Fusae ta sa hannu ta rufe baki, hannun kuwa ya ƙi tsayawa. Masumi ta daɗe tana kallonsa. Sai ta cire agogo, ta jawo sauran awarar da ke tukunya, ta ɗauki ɗaya. Nan take ya yage.

"Ke dai hannunki na babanki ne, sai ƙarfe," in ji Fusae.

Masumi ta naɗe yagaggen ta cinye, tana lasar yatsa.

"Laifin awarar bana ne, Mama, siriri suke yi. Maganar Yokohama a bar ta tukuna. Zan riƙa zuwa ran Asabar."

Fusae ta tura mata akushin, ta jiƙa mata tafi da ruwan tsami don kada shinkafar ta manne.